Maɗaurin filafilin ƙafa na nutso: roba, sifirin ko banji?

Mai Koyo:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan maɗaurin filafilin ƙafa, wato abin nan da ke zagaye dunduniya ya riƙe ƙafa cikin aljihun filafilin. Nawa irin mai buɗaɗɗen baya ne wanda ake sawa a kan takalmin niyofirin, wato robar nan mai laushi da ake yin kayan nutso da ita, kuma ya zo da maɗaurin roba mai maɓallin filastik a kowane gefe. Robar ta fara tsattsagewa a daidai inda take lanƙwasa cikin maɓallin, saboda haka dole in sauya ta. Da na duba abin da ake sayarwa sai na tarar da iri uku: robar da na saba da ita, da na ƙarfe wanda aka naɗe ya zama sifirin, da kuma na igiyar banji, wato igiya mai talewa da aka yi da zaren roba. Kowane mai sayarwa nasa yake yabo, ni kuwa ban san da me zan auna su ba. Kaurin takalmina milimita 5 ne, galibi daga gaɓa nake shiga ruwa, jefi-jefi kuma daga jirgi. Wanne kuke ganin ya fi dacewa da ni, kuma saboda me?

Mai Shiga Kogo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan ra'ayina kake nema, ka ɗauki na sifirin ka huta. Babban dalilina shi ne babu abin da ke reto a jikinsa. Maɗaurin roba yana barin jela biyu a gefen ƙafa bayan an ja shi, ga kuma maɓallin da ya turo waje, kuma waɗannan su ne ke kama zaren da muke shimfiɗawa a cikin kogo don ya nuna mana hanyar fita. Idan zare ya kama mutum a hannu ko a ƙirji da sauƙi, domin yana ganinsa, amma idan ya naɗe a bayan ƙafa, inda ido ba ya kaiwa, ga tukunyar iska a baya ta hana shi lanƙwasawa, to aiki ya same shi. Kada ka ce ai kai ba kogo kake shiga ba, domin zaren fatsa da guntayen ragar da masunta suka bari suna nan a buɗaɗɗen teku da kan jiragen da suka nutse, kuma siririn zaren nailan da ƙyar ake ganinsa cikin ruwa.

Sai kuma sauƙin sawa da cirewa. Da ka zura ƙafa, sai ka sa yatsa a mariƙin da ke baya ka ja sau ɗaya, magana ta ƙare. Tunda daga gaɓa kake shiga, ka san abin da taguwar ruwa ke yi wa mutumin da ya tsaya a kan ƙafa ɗaya da kaya a bayansa yana laluben maɓalli.

Malamar Nutso:
Malam ya faɗi gaskiya game da jelar roba, sai dai ina so ƙanenmu ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya yanke shawara. Filafilan da muke bai wa ɗalibai a wajen koyarwa duk masu maɗaurin roba ne, kuma ba don ba mu san na sifirin ba. Filafili ɗaya yau yana ƙafar mai babban sawu, gobe yana ƙafar mai ƙaramin takalmi, kuma roba mai maɓalli ce ta fi karɓar irin wannan sauyi. Shi sifirin tsawonsa ɗaya ne, ranar da ka saye shi ka ɗaura masa aure da takalmi guda. Idan ka koma takalmi mai kaurin tafi saboda duwatsun gaɓa, ko ka fara sa rigar nan da ruwa ba ya shiga, wadda takalminta ya fi girma, sai ka nemi wani tsawon.

Ban da wannan, yawancin ƙorafin da ake yi a kan roba daga yadda ake amfani da ita yake tasowa. Ɗalibai sukan ja ta iya ƙarfinsu don tsoron kada filafili ya fita, alhali aljihun filafilin ne ke riƙe ƙafa, aikin maɗauri kawai ya hana ta zamewa baya. Jan da ya wuce kima yana danne agara, yana tura yatsu su ƙure a gaba, jini ya ragu, ƙafa ta yi sanyi, wani lokaci har tsokar sha-raɓa ta ƙulle ana tsakiyar iyo. Wannan jan ne kuma ke kashe robar da wuri. Abin da nake koya musu shi ne su daidaita ta sau ɗaya a kan takalminsu, daga nan kada su sake taɓa jelar, su riƙa buɗe maɓallin gefe ɗaya kawai ko su ja robar ta haye dunduniya yadda take. Wanda ya kiyaye haka ya rage rabin wahalar da Malam ya ambata.

Dattijon Ruwa:
'Ya'yana, bari in sa baki, domin ina ganin ana neman a mai da roba abin da ba shi da amfani. Filafilin da masu shiga kogo suka fi so har yau, wato Jet Fin, Georges Beuchat ne ya ƙirƙiro shi a birnin Marseille na Faransa a 1964, kamfanin Scubapro kuma ya fara sayar da shi a 1965, kuma da maɗaurin roba da maɓallin ƙarfe ya fito. Da shi aka yi shekaru ana shiga kogo da jiragen da suka nutse kafin sifirin ya yaɗu. Maganar jela kuwa tun a wancan zamanin an samo maganinta: ana zura robar a juye yadda jelar za ta koma ciki tsakanin maɗauri da takalmi, ko a naɗe ta da tef bayan an daidaita tsawon.

Abin da ke cin roba sananne ne. Hasken rana ne, da zafi, da sinadarin kulorin na wurin iyo, da man fetur ko man inji idan ya taɓa ta, da kuma iskar ozon wadda injinan lantarki ke fitarwa, shi ya sa ba a ajiye kayan nutso kusa da janareto ko injin famfo. Wanda ke barin filafilinsa a bayan mota cikin rana, sannan ya zo yana zargin roba, bai yi mata adalci ba. A ɗauraye da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, a ajiye ba tare da tana a miƙe ba.

Mai Shiga Kogo:
Baba, na karɓi wannan, kuma ni ma na ga ana naɗe jela da tef. Amma akwai abin da tef ba ya magancewa. Takalmin niyofirin yana motsewa idan aka yi zurfi, sai robar da ta kama da kyau a sama ta yi sako-sako a ƙasa, shi kuwa sifirin yana bin ƙafa duk yadda ta koma. Ina ganin wannan kaɗai ya isa hujja.

Injiniya:
Malam, maganarka tana da tushe, sai dai masu talla sun kambama ta fiye da girmanta, don haka bari mu auna ta da lissafi. Niyofirin roba ce mai cike da ƙananan kumfar iska, kuma iska tana bin ƙa'idar da Robert Boyle ya bayyana a 1662: idan matsi ya ninka biyu, girmanta ya koma rabi. A ruwan teku kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a sama, saboda haka a mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 20 ninki uku, a mita 30 ninki huɗu. Takalmin ba ya motsewa daidai da wannan lissafin, domin jikin robar da ke kewaye da kumfar ba ya matsuwa, amma tabbas yana yin siriri.

To, nawa ne abin da aka rasa? Kaurin takalmin ƙanenmu milimita 5 ne. Ko da a ce ya rasa rabin kaurinsa, milimita biyu da rabi ke nan a dunduniya, a ƙara da ɗan abin da ya ragu ta saman ƙafa wanda zai bar ta ta ƙara shigewa cikin aljihu. Duka-duka 'yan milimita ne. Ita ma robar maɗauri tana talewa, ba igiyar da ba ta motsi ba ce, don haka ba za ta saki ƙafa gaba ɗaya saboda wannan ba, muddin an ɗan ja ta tun daga sama.

Ainihin bambancin yana wajen tauri. Ƙa'idar Robert Hooke ta nuna cewa ƙarfin da sifirin ke ja da shi yana tafiya ne daidai da yawan miƙewarsa. Abu mai tauri, irin robar maɗauri mai kauri, da ɗan miƙewa kaɗan yake ba da jan da ake bukata, saboda haka idan aka rage masa 'yan milimita sai ya rasa babban kaso na jan. Abu mai laushi kuwa, irin sifirin ko banji, sai ya miƙe da yawa kafin ya ba da wannan jan, don haka rasa 'yan milimita ba ya rage masa komai sosai. Wannan ne ya sa suke riƙe ƙafa kusan iri ɗaya a sama da ƙasa. Fa'ida ce ta gaske, kuma tana ƙaruwa ga mai takalmin milimita 7 ko mai yawan zurfafawa, amma ga mai nutso a mita 12 ko 15 ban ga ta kai ta zama ita ce ke yanke hukunci ba.

Matafiyiya:
Na gode wa Injiniya da ya sa banji cikin lissafin, domin na ga kamar an manta da shi. Ni da shi nake amfani. Zaren roba ne da yawa a haɗe, aka saƙa musu riga ta nailan ko makamancinta, kuma rigar tana kare robar daga rana da gogayya, tana kuma hana ta miƙewa fiye da kima. Yana ba da sauƙin sawa irin na sifirin, ba shi da jela, amma ya fi shi laushi a kan agara, kuma bai kai shi nauyi ba. Ga wadda ke hawa jirgin sama da kayanta, inda da yawa daga cikin kamfanoni ke ƙayyade jaka a kan kilo 23, kowane ɗan nauyi abin lura ne. Ba a banza ba manyan kamfanoni suka karɓe shi: filafilin Seawing Nova na Scubapro da banji yake zuwa, haka ma Avanti Quattro Plus na Mares.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Roba ce a ciki, saboda haka tana gajiya, kuma tun da rigar ta rufe ta ba a ganin tsagewarta. Alamar da nake dubawa ita ce idan igiyar ta daina komawa tsawonta na asali, ko wani wuri ya yi siriri ya fi sauran, ko rigar ta fara tsinkewa a bakin inda ta shiga maƙalinta.

Mai Gyaran Kaya:
Duk kun yi bayani mai kyau, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kafin ƙanenmu ya zaɓi roba ko ƙarfe, ya fara duba gefen filafilinsa ya ga yadda maɗauri ke kamawa, domin abin da ya fi dawo da mutane wurina shi ne sun sayi maɗauri mai kyau wanda bai shiga filafilinsu ba. Galibi iri biyu ne. Akwai mai ɗan ƙullutu a gefe, mai kai kamar na ƙusa, wanda maɓallin ke hawa kansa ya kulle. Akwai kuma irin na Jet Fin da danginsa, inda ƙarfe ke ratsa wani kunne da ke jikin filafilin. Ko a cikin masu ƙullutun ma girmansa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wasu kamfanonin suna da nasu tsarin maɓalli na daban. Abin da aka rubuta masa cewa yana shiga kowane filafili, a gwada shi tukuna kafin a yarda. Idan ramin ya fi ƙullutun faɗi, maɗaurin zai iya fita a lokacin da ƙafa ta juya, idan kuma ya yi ƙanƙanta aka cusa shi da ƙarfi, ƙullutun ne zai sha wahala, shi kuwa in ya karye a wasu filafilan ba ya gyaruwa.

Kuma a abin da nake gani, da wuya tsakiyar maɗauri ya tsinke, ko wane iri ne. Bakinsa ne ke mutuwa. A roba, wurin lanƙwasa ne da haƙoran da maɓalli ke kamawa. A maɓallin filastik, harshensa ne ke karyewa idan aka taka shi ko tukunyar iska ta faɗo a kansa. A sifirin, ƙarshen wayar ne inda aka lanƙwasa ta, ko ɗan sukurun da ke riƙe ta idan ya kwance. Da yawa daga cikin masu sifirin da ake sayarwa ma maƙalinsu na filastik ne, saboda haka mai cewa ya rabu da filastik ya sake dubawa.

Mai Koyo:
Na gode ƙwarai, na ƙaru da abin da ban zata ba. Yaya Mai Gyaran Kaya, na duba, nawa mai ƙullutu ne. Takalmi ɗaya nake da shi kuma ba ni da niyyar sauya shi nan kusa, don haka hankalina ya karkata ga sifirin ko banji. Tambayoyina biyu ne. Yaya zan san tsawon da ya dace da ni, tunda ba a daidaita su? Sannan wani ya gaya mini in gwada sifirin da maganaɗisu, wai idan ya kama to ƙarfen ba mai kyau ba ne kuma zai yi tsatsa. Shin haka ne?

Mai Gyaran Kaya:
Game da awo, ƙanena, kada ka dogara da lambar takalminka, domin zurfin aljihu ya bambanta, wani filafilin yana haɗiye ƙafa kusan duka, wani yana barin dunduniya a waje sosai. Ka sa takalmin da kake nutso da shi, ka zura ƙafa cikin aljihu har ta zauna, sannan ka ɗauki zare ka auna daga ƙullutun gefe ɗaya, ka zagaya ta bayan dunduniya a daidai inda maɗauri ke zama, zuwa ƙullutun ɗaya gefen. Maɗaurin da kake nema ya ɗan gaza wannan tsawon, don ya kasance a ɗan miƙe idan ka sa shi. Ka karanta jadawalin kamfanin da kyau, domin wasu suna ƙidaya tsawon har da maƙalai, wasu kuma sifirin kaɗai suke aunawa.

Idan ya zo, ka gwada shi a tsaye kafin ka kai shi ruwa. Ka ɗaga ƙafa ka karkaɗa ta, bai kamata filafilin ya yi wasa ba. Ka bar shi a ƙafa na ɗan lokaci, idan yatsu suka fara mutuwa ko agara ta fara zafi, ya yi gajere. Wanda ya faɗa tsakanin girma biyu ya nemi irin wanda maƙalinsa ke da ramuka fiye da ɗaya, ko banjin da ake iya rage masa tsawo, domin akwai su. Idan kuma ka ga sai da ja mai tsanani filafilin ke zama, to aljihun ne ya yi maka yawa, kuma babu maɗaurin da zai gyara wannan.

Injiniya:
Gwajin maganaɗisu ba abin dogaro ba ne a nan. Gaskiya ne ƙarfe marar tsatsa na lamba 304 da 316 a asalinsu ba sa kama maganaɗisu sosai, amma idan aka ja su aka mai da su waya aka naɗe a sanyi, kamar yadda ake yin sifirin, tsarin cikinsu yakan ɗan sauya su fara kamawa. Don haka sifirin mai kyau zai iya ɗan jan maganaɗisu. Abin da za ka tambaya shi ne lambar ƙarfen. Lamba 316 tana ɗauke da sinadarin molibdenom kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda ke taimaka mata jure gishirin teku fiye da 304.

Kada kuma sunan ya ruɗe ka ka ɗauka ba ya bukatar kulawa. Abin da ke kare wannan ƙarfe wata siririyar fata ce da sinadarin kuromiyam ke yi idan ya haɗu da iskar oksijin. A lungun da ruwan gishiri ya kwanta kuma iska ba ta shiga, kamar ƙarƙashin rigar da ake sa wa sifirin ko cikin maƙali, fatar tana lalacewa tsatsa ta shiga. Saboda haka idan za ka ɗauraye shi, ka ɗan miƙa shi cikin ruwan daɗi don ruwan ya ratsa tsakanin zagayen. Ka kuma duba ko akwai igiya a cikinsa. Wasu suna sa siririyar igiya a tsakiyar sifirin don ta hana shi miƙewa ya wuce iyakarsa, domin idan ya wuce ba ya komawa yadda yake har abada.

Malamar Nutso:
Tunda daga gaɓa kake shiga, ka lura da yashi. Yana shiga tsakanin zagayen sifirin, yana kuma shiga maɓallin filastik ya hana shi kullewa sosai, har mutum ya ji ƙara ya zaci ya kama alhali bai kama ba. A wannan wurin banji ya fi su duka sauƙi. Sifirin marar riga kuma yakan cije fatar yatsa ko bakin rigar nutso lokacin da yake komawa, don haka ka nemi mai matashin dunduniya mai faɗi da mariƙin da yatsa ke shiga da kyau.

A jirgi kuwa akwai wurin da roba ta fi. Idan kana riƙe da tsani da hannu ɗaya jirgi yana hawa da sauka, matsa maɓalli kawai za ka yi maɗauri ya buɗe, ko ma'aikacin jirgi ya buɗe maka. Da sifirin sai ka ja shi ya haye dunduniya, wanda ke bukatar ka naɗe ƙafa ka kai hannu can baya, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ciwon baya ko gwiwa, ko wanda ƙarfin yatsunsa ya ragu.

Mai Ruwan Sanyi:
Malama, a gafarce ni, a nan na ɗan saɓa miki. Da safar hannu mai kaurin milimita 5 ko 7, yatsu kuma sun daskare, matsa ƙaramin harshen maɓalli ya fi jan babban mariƙi wuya nesa ba kusa ba, mayar da shi ya kulle kuma ya fi buɗewar wahala. Shi ya sa mu masu ruwan sanyi kusan duk muka koma sifirin, kuma filafilai irin RK3 na Apeks da shi suke zuwa tun daga kamfani. Nauyin da Hajiya Matafiyiya ke gudu ma a wurinmu alheri ne, domin a cikin rigar da ruwa ba ya shiga iska takan taru a ƙafafu ta ɗaga su sama, sai ɗan nauyin da ke dunduniya ya taimaka wajen kwanciya daidai cikin ruwa.

Matafiyiya:
Haka ne, Malam, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ƙanenmu bai ce yana sa irin rigarku ba. Mai siririyar riga a ruwan ɗumi sau da yawa ƙafafunsa ne ke nutsewa, yana iyo a karkace yana tayar da laka, kuma ƙarin ƙarfe a ƙarshen ƙafa ba zai taimake shi ba. Na yarda nauyin maɗauri kaɗan ne idan aka kwatanta da na filafilin kansa, sai dai yana can nesa da tsakiyar jiki, inda ɗan kaɗan ke yin tasiri.

Dattijon Ruwa:
Akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba, wato ranar da abin ya lalace kana bakin ruwa. Rasa filafili ɗaya cikin ruwa mai gudu ba wasa ba ne, mutum yana ta wutsil-wutsil da ƙafa ɗaya, numfashinsa ya hau, iskarsa ta ƙare da wuri. Robar maɗauri kafin ta tsinke tana yin gargaɗi, wanda ya miƙa ta ya duba kafin ya shiga zai ga tsagar, kamar yadda yaron nan ya gani. Tana lanƙwashewa ta shiga aljihun jaka, ana sauya ta da hannu ba tare da wani kayan aiki ba, kuma a yawancin jiragen nutso za ka sami wanda ke da ita. Sifirin idan ya lalace ba ya gyaruwa a wurin, wani ma sai da sukundireba ko filaya ake cire shi, kuma da wuya na wani ya yi daidai da tsawonka.

Mai Shiga Kogo:
Baba, ban musa ba, sai dai sifirin mai kyau yana daɗewa ƙwarai kafin ya kai ga haka, kuma ni har yanzu shi zan ba ƙanenmu shawara, idan kuma agararsa ba ta son matsi ya ɗauki banji. Hanyar da za ta haɗa maganarmu ita ce ya sa sabon a filafili, ya ajiye tsohon maɗaurinsa a jaka don ranar tsautsayi.

Mai Gyaran Kaya:
Ajiye na ko-ta-kwana daidai ne, Malam, amma ba wannan robar da ta riga ta tsage ba, domin zaman jaka ba zai hana ta ci gaba da lalacewa ba, kuma ranar da aka bukace ta za ta iya tsinkewa a jan farko. Abin da zai ajiye daga tsohon shi ne maɓallan, tunda su ne aka yi domin ƙullutun filafilinsa, sai ya sayi sabuwar roba mai faɗi daidai da su ya zura, ya daidaita ta a kan takalminsa tun a gida. Ya sa ta cikin leda mai rufewa nesa da rana, tare da ɗan abin da ake cire maƙalin sifirin da shi idan irin nasa yana bukata. Kuma duk lokacin da zai sauya, ya sauya ƙafa biyun tare, domin rana ɗaya da gishiri ɗaya suka sha.